Masunta a bayan takardar kuɗin Singafo

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani zane da ke bayan takardar dala 50 ta ƙasar Singafo. Cheong Soo Pieng, wanda aka haifa a Sin ya kuma koma Singafo a 1946, shi ne ya zana shi a 1978. Ya nuna mutanen ƙauye 'yan ƙabilar Malay suna shanya kifin da aka yi wa gishiri, ga kwanduna a kife, ga dabbobi kusa da su, babu mai alamar gaggawa a cikinsu.

Abin da ya ja hankalina shi ne lokacin da aka yi zanen, domin tun 1972 jirgin kwantena na farko ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Tanjong Pagar da ke Singafo, wato mai zanen yana kallon rayuwar da take shuɗewa a idonsa. An tashi mazauna ƙananan tsibiran kudu aka mai da su gidajen bene. Tsibirin Brani ya zama tashar kwantena, Semakau kuwa, abin takaici, ya zama wurin jibge shara.

A yau Shanghai ce kaɗai ta fi tashar Singafo yawan kwantena. A ganina, ya kamata a riƙa koya wa yaran ƙasar sunayen tsibiran da masunta irin waɗannan suka baro, tunda hotonsu yana yawo a aljihun kowa tun 1999.

Naku,
Mai karatu daga Kano