Babanmu ya daina fita, ya daina hira, ina mafita?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana.

Akan mahaifinmu nake neman shawara, shekarunsa sun haura 70, tun da mahaifiyarmu ta rasu kaɗaici ke cinsa a tsaye, kuma wallahi ba wai mun yi watsi da shi bane, ci da sha da magani babu abinda ya rasa, amma mutumin da a da in yana waje sai kowa ya sani saboda raha da son jama'a, yanzu sai ya wuni a ɗaki daga shi sai rediyo. Abokan aikinsa da yawa sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma kowa ta kansa yake, wani ƙafa wani ido.

Abinda na fi lura da shi shine kunnensa yayi nauyi. In ku biyu ne kuna fuskantar juna yana ji, amma da zarar an taru ana magana ta ko'ina shikenan ya ɓace, sai kiga yana murmushi yana gyaɗa kai alhali bai ji komai ba, in ya tambaya sau ɗaya sau biyu sai wani yace ba komai Baba, a ci gaba da hira, shi kuma ya ja bakinsa yayi shiru can ya tashi. Wannan abin yana min ciwo sosai, dan mutum yana tsakiyar 'ya'yansa da jikokinsa amma kamar baƙo. Mun kawo maganar na'urar ƙara ji yace sam, wai so muke a ce ya kurumce. Ga ciwon gwiwa, ga tsoron faɗuwa in ya ga matakala, sannan akwai yawan fitsari da yake ɓoyewa, ina zargin shine babban dalilin da yasa baya son zuwa inda zai daɗe, kuma kinsan ba maganar da 'ya mace zata tunkari mahaifinta da ita kai tsaye bace. Wayar da aka siya masa ma rubutun yayi masa ƙanana, hannu na rawa, duk labarin dangi a WhatsApp ake yinsa, sai komai ya wuce yake ji.

Yayanmu cewa yake tsufa ne kawai a barshi ya huta. Ni ban yarda ba gaskiya. Na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman akan kaɗaici a 2023, kuma tace kusan tsoho ɗaya cikin huɗu yana rayuwa a ware da mutane, a shekarar ne ma babban likitan gwamnatin Amurka ya kwatanta illarsa da shan taba har kara 15 a rana, ana danganta shi da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da cutar mantuwa. Ingila har minista ta naɗa akan abin a 2018, Japan ma ta bi a 2021. To ya za'a ce min hutu ne?

Yanzu Yaya so yake a ɗauko shi ya koma gidansa da zama, niyyarsa mai kyau ce, amma shi da matarsa aiki suke fita, yara makaranta, tsorona kar a raba Baba da 'yan maƙwabtan da suka rage masa a kai shi inda bai san kowa ba.

Abinda ya tada min hankali har na rubuto shine kwanan nan ya fara cewa shi ya gama nasa, lokaci kawai yake jira, abinci ma ya rage ci, bacci kuma sai a hankali. Anti shin wannan kewa ce ko ya kai ciwon damuwa da sai an ga likita? Ta yaya zamu shawo kansa ya yarda a duba kunnen da maganar fitsarin ba tare da ya ga mun raina shi ba, ko wani babba zamu samu ya masa magana? Kuma maganar komawa gidan Yaya, mu yarda ko mu nemo wanda zai zauna da shi a inda ya saba? Dan Allah ki taimaka min, kuma in akwai masu sauraro da suka taɓa shiga irin wannan ina son jin yadda suka yi.

Nagode, Allah ya saka da alheri.

Ƙanwarki mai sauraronki kullum.