Wasiƙa ga aminina kan kuɗin da jirgin ƙasa ke ci

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, kuma na yi dariya a inda ka ce kai fa abin ya ɗaure maka kai: jirgi cike maƙil, wasu har a tsaye, tikiti da tsada, amma kullum hukumar jiragen ƙasa tana miƙa wa gwamnati ƙoƙon bara. Ka ce lallai akwai ɓera a rumbu. To, ba a rasa ɓera, ban musa maka ba. Sai dai ko an kashe shi, da wuya lissafin ya tashi. Tunda ka tsokano mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin layin dogo da ƙafa, sai ka yi haƙuri da doguwar amsa.

Fasinja tarago yake gani da kujera, alhali abin da ke lashe kuɗin yana ƙarƙashin ƙafarsa. Mai motar haya ba shi ya gina titi ba, ba shi ke cike ramuka ba. Jirgin ƙasa kuwa hanyarsa a wuyansa take: dogo, gadoji, kwalbatoci, sigina, tashoshi, da wayoyin lantarki in da wuta yake tafiya. Ko jirgi ɗaya ke wucewa a rana ko hamsin, ruwan sama zai zaizaye gefen hanya, ciyawa za ta fito, zafin rana zai sa ƙarfe ya miƙe har ya nemi lanƙwashewa, kuma dole a biya mai kula da sigina albashinsa.

A kowace kilomita akwai gungumen kankare sama da 1,600 da aka ɗora dogo a kansu, kowane da maƙalansa da za su iya saki. Sannan ga tsakuwar nan da kake gani kamar zuba ta kawai aka yi. Kaifinta ne ke riƙe hanyar. Shekara da shekaru nauyi na niƙa ta, ta zama gari, ruwa ya shiga, ta koma taɓo. Na sha tsayawa da fitila da tsakar dare ina kallon irin wannan wuri: jirgi na bi, sai ka ga gungume ya nutse ya ɗago, yana fesar da farin taɓo ta gefe kamar mai numfashi. Da ka ga haka ka san kuɗi sun kira. Kuma yawancin aikin da dare ake yi, cikin 'yan sa'o'in da hanya ta huta, shi ya sa yake da tsada. Ko a Japan, layin jirgi mai tsananin gudu da ya haɗa Tokyo da Osaka yana tsayawa daga sha biyun dare zuwa shida na safe don masu gyara su shiga.

Kuɗin taragu da injuna ba sai na ja ba: mai ko lantarki, birki, ƙafafun ƙarfe da ake kaiwa a fere in sun ci, da kayan gyaran da sau da yawa sai an yi odarsu daga waje da kuɗin waje.

Inda nake so ka tsaya shi ne nan. Duk shekarar da aljihu ya yi zafi, kuɗin gyara ake fara yankewa, domin shi ne yankan da ba ya zubar da jini nan take. Ba a iya hana albashi, ba a iya hana mai, amma sauya dogo? A bari sai baɗi. Na taɓa rubuta rahoto uku a kan wata kwana da ƙarfenta ya cinye, amsar da manya suka turo ita ce a rage gudu a wurin. Rage gudu ya jawo latti, latti ya kori fasinja, kuɗin shiga suka ragu, baɗin da aka ce ta zo babu ko na bara.

Kada ka ɗauka cutar matalautan ƙasashe ce. A Ingila, a watan Oktoban 2000, dogo ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield, mutum huɗu suka mutu. An san dogon ya riga ya tsage, har an tanadi sabon ƙarfe, ba a dai sa shi ba. Tsoro ya sa aka rage gudu a wurare birjik a faɗin ƙasar, kamfanin Railtrack mai hanyar ya durƙushe a 2001, Network Rail ya gaje shi a 2002. Jamus ma a 2024 sai da ta rufe layin Frankfurt zuwa Mannheim ɗungurungum na wata biyar don ta biya bashin gyaran da ya taru.

Ga kuma bashin gaske mai kuɗin ruwa. Lokacin da Japan ta raba hukumar jiragenta a 1987 zuwa kamfanonin fasinja shida da na kaya ɗaya, bashin da ke kanta ya kai yen tiriliyan 37. Kamfanonin da suka samu manyan birane sun ci riba, na yankunan da mutane ba su da yawa kuwa sai da aka ware musu asusun tallafi tun daga farko. Faransa ta ɗauke wa hukumar jiragenta bashin yuro biliyan 35 tsakanin 2020 da 2022. Jirgin da ka gani cike da safe shi ke ɗauke da wanda ke zuwa ƙauyuka da fasinja goma, kuma babu ɗan siyasar da zai yarda a rufe na ƙauyen.

Ni dai tallafin bai taɓa damuna ba, tunda titi ma ba ya biyan kansa kuma ba wanda ke kiransa mabaraci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ciwo bashi a shimfiɗa sabon layi, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, ba wanda ya tambayi wa zai sayi tsakuwa bayan shekara goma sha biyar.

In ka sake shiga jirgin nan, ka kasa kunne a wurin kwana, ka rubuto mini irin ƙarar da ka ji da inda ya rage gudu ba dalili. Gwiwata ta yi sauƙi, alhamdu lillahi, har na fara fita tattaki. Ka gaida mini mai ɗaki da yara.

Naka amini har kullum.