Ga mai tambaya kan goron Hajiya

Assalamu alaikum, ɗan uwa. Na ji tambayar da ka jefo mini a filin rediyo, sai lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ka ce mahaifiyarka tana da hawan jini, amma goro ba ya rabuwa da bakin zanenta, kuma ta ce magani ne. Ka hana ta, ko ka zuba mata ido?

Hajiya tana da hujja. Fataken da suka riƙa tafiyar watanni da jakuna daga Kano zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, ba don banza suka sha wannan wahala ba. Goro yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 idan an busar da shi. Yana kore barci, ya danne yunwa, ya wartsakar da mutum. Sai dai ƙarfin nan bashi ne: gajiyar tana nan, ƙwaƙwalwa kawai aka hana ta ji, kuma jiki zai biya daga baya.

Inda na saɓa da ita shi ne batun magani. Goro ba ya saukar da jini, ɗaga shi ma yake yi na wasu sa'o'i, ya ƙara bugun zuciya. Kafin rabin kafeyin ya bar jiki ana ɗaukar kusan awa 5, don haka goron la'asar yana nan daram bayan isha'i. Mai gyambon ciki kuwa ya san yadda yake ji in ya ci shi kafin karin kumallo.

Amma kada ka ce za ka hana ta. Uwa ce. Kuma wanda ya saba, in ya daina farat ɗaya, ciwon kai zai sha na kwanaki. Ka auna mata jini kafin ta ci, ka sake aunawa bayan awa ɗaya, ta ga lambar da idonta. Daga nan ku lallaɓa ta koma ɓari guda da safe, bayan azahar a rufe gwangwanin. Ƙwayar asibiti kuwa kada goro ya maye gurbinta, kuma a gaya wa likita yawan da take ci.

In za ka sayo mata, ka fasa ɗaya ka duba sankara, sannan a wanke sosai, domin wasu 'yan kasuwa suna zuba wa huhun goro maganin ƙwari.

Ka gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.