Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau kan tsofaffin kotunan alƙalai na ginin ƙasa

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu magina ne da masu nazarin ginin gargajiya a birnin Zariya. Kukanmu a kan tsofaffin ɗakunan shari'a na ƙasa ne, waɗanda suka rage a birni da gundumomi, da yadda ake musu gyaran da ke kashe su.

Sarki ya fi mu sanin asali. A zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a, bai kuwa raba shi da kotun shari'a ba, a harabar guda ya tsara su. Har a gidan tarihi na Jos an kwaikwayi wannan masallaci. Kotunan alƙalai na ginin ƙasa da irin wannan fasaha aka tashe su.

Ɗakin shari'a yana son faɗi, ita kuwa azarar giginya, duk da gara ba ta cinta, ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta kai mita biyu. Shi ya sa ake ɗaura bakan gizo: a jera azara hawa-hawa daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe kafin a ɗora hawa na gaba, har bakunan su haɗu a tsakiya. Sannan zana, sannan ƙasa, sannan laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga.

Ta sama ɓarna ke farawa. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a bayan rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye bakin rufi, ya bi tsaga ya jiƙa gindin azara, baka ya saki. Sai mai gyara ya zo da siminti, wai yana taimako. Siminti ba ya kama tubali, yana kuma kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, ran nan yaɓen ya ɓalle da rabin bangon.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai su ƙidaya kotunan da suka rage, a auna, a zana, a ɗauki hoto. A hana yaɓen siminti a kansu. A koma ga yaɓen makuba ta kwasfar ɗorawa a bango, laso kuma na katsi (dabɓen da ke kwanciya a ramin rini) da gashin jima da tsiron dafara a rufi. Katsin nan ma ya fara wuya tunda karofi sun ragu, gara a tanade shi tun rani. A share indararo kafin ruwan farko, a gyara magudana ta nisanta ruwa daga gindin bango.

Aikin kuma a damƙa shi ga Sarkin Magina, kowane gwani da yara biyu ko uku masu koyo a gefensa.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga talakawanka, magina da masu nazarin gini, Zariya.