Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Teburin Amaryata

Jos, Jihar Filato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa. Ka dai san Jos, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Ƙanenka ya nuna mini zanen da ka turo masa a waya, na teburin karatu mai murfin saukewa da kake son yi wa amaryata, wato 'yarka, da hannunka. Wallahi na ji daɗi. Da ka ga dama da ka je kasuwar kujeru da tebura ta Kugbo, can wajenku Abuja, ka sayo haɗaɗɗe, ba wanda zai ce ka yi laifi. Amma ka tuna da zarto da gudumar da ka tashi a cikinsu, wannan kuwa ya faranta mini rai fiye da yadda kake zato. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar waya wucewa take yi, awo kuma ba a riƙe shi da ka.

Zanenka ya yi kyau, sai dai wuri guda da ya hana ni barci: sarƙa biyu kawai ka sa su riƙe murfin. Ka san tabon nan da ke ƙarƙashin haɓar yayarka? Kana goye lokacin, ba za ka tuna ba. Irin wannan teburin na yi mata tana shekara 7, da sarƙa biyu kamar naka, na ɗaure su da gajerun sukurori a jikin katako mai laushi. Na gwada da hannuna, na danna, na ga ya riƙe. Wata rana da yamma tana zanen gida da fensir mai launi, ta kwanta a kan murfin da ƙirjinta duka, sukurun hagu ya tsige da ɗan guntun katako a jikinsa, murfin ya zube, haɓarta ta daki bakin akwatin. Har yau ina ganin jinin a kan farar takardar nan, da fensirin yana gangarawa ƙarƙashin gado. Laifina ne. Na auna nauyin hannu, alhali yaro ba da hannu kaɗai yake rubutu ba. Da gwiwar hannu yake yi, da ƙirji, wani lokaci har ya ɗora gwiwa ya hau don ya ɗauko abu a sama.

Saboda haka ka yi wa murfin abin da zai kwanta a kai daga ƙasa. Ka fere sanduna biyu na katako mai ƙarfi, kaurin inci 1, faɗin inci 2, ka yi musu rami ɗaya a dama ɗaya a hagu, dab da ƙasan murfin, yadda za a jawo su kamar durowa kafin a sauke shi. Su fito kamar kashi biyu cikin uku na murfin, in an auna daga gindinsa zuwa bakinsa, sauran tsawonsu ya rage a ciki, domin abin da ya rage a cikin ramin shi ne ke ɗaukar nauyin. Ka kafa ɗan turke a bayan kowace sanda don kada ta zare ta gaba ɗaya. Sarƙar kuma kada ka cire ta, ka bar ta a matsayin mai gadi, don akwai ranar da za ta manta ba ta jawo sandunan ba. Hinji kuwa ka nemi dogon nan da ke bin bakin murfi daga wannan gefe zuwa wancan, ya fi ƙanana biyu raba nauyi. Kowane sukuru ka fara huda masa ƙaramin rami kafin ka murɗa shi, in ba haka ba katako mai tauri zai tsage ko kan sukurun ya karye a ciki. A sama ka sa ɗan maganaɗisu ya kama murfin idan an rufe.

Akwai kuma abin da mutane ba sa kula da shi. Idan murfi ya sauka, nauyin tebur ya koma gaba ke nan. Ƙaninta da ya fara tafiya zai zo ya kama bakin ya yi lilo, teburin duka ya kifo masa. Ka ɗaure bayansa da bango da ƙarfe biyu masu kusurwa. Na san gidan haya kake, amma cike rami biyu ranar tashi ba komai ba ne.

Sai maganar katako. Idan za ka shiga kasuwar katako ta Dei-Dei, ka tafi da kafintan da ya san wurin, da ɗan gari akan ci gari. Madaci nake so ka samu don ƙafafu da sandunan, ko loko idan ya samu da sauƙi. Malaina ma ba laifi don jikin akwatin, ba ta da nauyi kuma tana karɓar aiki. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ɗanyen katako. Yawancin abin da ake saukewa daga mota bai bushe ba. Ka ɗaga shi ka ji: ɗanye yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, idan ka ƙwanƙwasa sai ya amsa a dushe, busasshe kuwa ƙara yake yi ras. Ko sun rantse maka ya bushe, ka kai shi gida ka jera a inuwa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa, ka ba shi makonni. Katako a faɗinsa yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Na sha ganin ƙyauren da aka yi a watan Agusta da katakon da aka sayo ɗanye a Kasuwar Katako ta nan Jos, Janairu na zuwa ya buɗe baki har kana hango tsakar gida ta tsagar. Abuja ta fi mu zafi, iskar hunturun kuwa ɗaya ce.

Shi ya sa murfin kansa na fi son ka yi shi da filawud mai kyau, mai kaurin milimita 18, ka bi bakinsa da siririn madaci ka manne da gam. Filawud ba ya kumbura ko tsukewa kamar falanki, don an giciye yadudduka ne a cikinsa. Murfin da ya karkace ba ya rufuwa, rubutu ma ba ya daɗi a kansa.

Tsayi kuma kada ka ɗauko daga intanet. Ka zaunar da ita a kujerar da za ta riƙa amfani da ita, tafin ƙafarta a ƙasa daram, ta lanƙwasa hannu, ka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannun, ka ƙara kamar inci 1. Nan murfin zai tsaya idan an sauke. Ga mai shekarunta zai faɗo wajen inci 22, na manya kuwa 29 ne zuwa 30. Ka yi akwatin sama daban, ƙafafun daban, ka haɗa su da noti. Bayan shekara uku sai ka canza ƙafafu kawai. Faɗin inci 26 ya isa, da 'yan ramuka uku a ciki: na littafi, na fensir, da ɗaya wanda ba ruwan kowa da abin da ta ajiye a ciki. Ka bar wuri a gefe inda allonta na Islamiyya zai jingina.

Duk wata kusurwa ka goge ta da samfefa har ta yi santsi, ka shafa da bayan hannunka ka ji. Fenti kuwa ka yi hattara. Akwai fentin mai da ake zuba wa dalma, yaro kuma ba ya rabuwa da kai hannu baki. Ka tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ka karanta jikin gwangwani, ka zaɓi wanda ake sirkawa da ruwa, ka bar teburin a waje har warin ya fita sarai kafin ya shiga ɗakinta.

Na san aikin ofis ba ya barin ka sai Asabar da Lahadi, kuma na san halinka, za ka so ka gama a kwana biyu don ka ba ta mamaki. Ina roƙonka kada ka yi a ɓoye. Ka bar ta ta riƙe maka bakin tef, ta karanta lambar da kanta, ta ƙirga sukurori a cikin murfin kwalba. Ka ba ta guntun samfefa da wurin da za ta goge. Zarto da abin huda dai su yi nesa da ita. Kana shekara 6 ka goge mini ƙafar wata kujera har gefe ɗaya ya rame, haka na haɗa ta ban gyara ba, ita ce wadda mahaifiyarka ke zama a kai tana tsince shinkafa har gobe.

Zan ba direban da ke bi ta Akwanga da Keffi tsohon filena na fere katako da sukwayata ta auna kusurwa ya kawo maka ranar Juma'a. Na wasa bakin filen jiya, ka kula da yatsunka wajen kwance ƙunshin. Idan ka auna ta, ka turo wa ƙanenka lambobin in duba kafin ka sa zarto. Ka ce wa amaryata angonta yana jiran wasiƙar farko da za ta rubuta a kansa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana su.

Naka,
Mahaifinka.