Sanarwa kan littafin wannan wata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Zaman tattaunawa na nan ranar Asabar bayan Isha'i, a nan cikin rukuni. Wanda bai ƙarasa ba ya daure.

Ni dai rabin farko ya kama ni, rabin ƙarshe kuwa soyayya ta cinye labarin, har mataccen da ke tashi daga kabari yana shan jinin mutane ya koma saurayi mai kukan zuci. Haba!

Abin da ya riƙe ni shi ne tarihin da aka gina labarin a kai. A 1725, mutanen ƙauyen Kisiljevo a Sabiya, lokacin tana hannun Austiriya, sun tone kabarin wani mutum mai suna Petar Blagojević da suke zargin yana tashi yana shan jinin mutane, suka soka masa turke a ƙirji, suka ƙona gawar, jami'in gwamnati na tsaye. A 1755 Sarauniyar Austiriya Maria Theresa ta hana irin wannan tonon. Likitanta Gerard van Swieten ya ce camfi ne kawai. Gawa in ta fara ruɓewa takan kumbura, ruwa mai kama da jini ya fito ta baki, sai a ɗauka ta sha jini.

Don Allah kada kowa ya tona ƙarshen labarin kafin Asabar.