Yaranmu da ke karatu a gida suna buƙatar abokan wasa

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana Katolika na ƙauyuka. Tun da aka sace ɗaliban makarantar St. Mary's da ke Papiri, jihar Neja, a watan Nuwamba 2025, da yawa cikinmu mun janye yara daga makarantun kwana, muna koya musu a gida. Ni ma haka na yi da nawa uku.

Karatu dai yana tafiya, lissafi ne kawai ke ba ni wahala. Abin da ke damuna shi ne kaɗaici. Autana ya fara hira da awaki, babbar kuwa ko baƙo ya yi sallama sai ta shige ɗaki.

Cocinmu ƙaramin reshe ne, Fada ba ya samun zuwa sai bayan makonni, katikis, wato malamin da ke koyar da addini, shi ne ke riƙe da mu. To, me zai hana a tsayar da ranar Asabar, gidaje biyar ko shida su haɗa yaransu a harabar coci da rana tsaka? A yi katikisma, wato darasin addini, da addu'ar Rosari, a koyi waƙa, sannan a sake su su buga ƙwallo, su yi langa da 'yar gala-gala. Zumuntar Mata na iya karɓa-karɓar dafa dambu, matasa su raka yara gida kafin la'asar ta yi sanyi.

Kuma kada a hana 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi shiga wasan. Rijiya ɗaya muke ɗiba da iyayensu.

Wata uwa,
daga ƙasar Kontagora